Makuro: tsohuwar dabarar kod mai rubuta kod da matasan masu manhaja ke tsallakewa

A shekarar 2024 kamfanin Google ya tura wata sabuntawa zuwa wayoyi masu Android 12 zuwa sama ta hanyar Google Play, ba tare da wani shagali ba. A cikinta akwai wata 'yar manhaja mai suna dav1d, wadda aikinta ɗaya ne tak: warware bidiyon da aka matse da tsarin AV1 domin ya fito a kan allo. Masu waya ba su ga sabon maɓalli ba, ba su ga sabon launi ba. Amma wayoyin da ba a ƙera su da guntun na'ura na musamman don AV1 ba, irin da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗi da ke cika kantunan Farm Centre a Kano, sun samu hanyar kunna irin wannan bidiyo cikin sauri fiye da da.

Ga mai lissafin data, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun a shekarar 2020 Netflix ya fara aika AV1 zuwa manhajarsa ta Android da taimakon dav1d, ya kuma ce tsarin ya fi VP9 iya matse bidiyo da kashi 20 cikin 100. Hoto iri ɗaya, data kaɗan. Sai dai warware AV1 aiki ne mai nauyi, kuma abin da ya sa dav1d take iya ɗaukarsa a kan ƙaramar furosesa shi ne mafi yawan layukanta an rubuta su ne da yaren asembili, yaren da ya fi kowane kusa da ƙarfen na'ura.

Waɗannan dubban layuka kuwa ba a zauna an buga kowanne da hannu ba. Masu aikin sun rubuta ƙananan samfura da ake kira makuro, su kuma samfuran suka haifar da sauran. Wato kod ne yake rubuta kod. Wannan dabara ta haura shekara 60 a duniya, kuma ita ce darasin da ya kamata kowane matashi mai son rubuta manhaja ya ba wa ko da mako biyu ne na rayuwarsa. A nan ne ake koyon ɗabi'ar da ta fi kowace tsada a wannan zamani da ƙirƙirarriyar basira ke zubo kod kamar ruwan famfo: buɗe abin da na'ura ta rubuta da sunan mutum, a karanta shi kafin a amince da shi.

Yaren da furosesa ke ji

Furosesar waya ba ta san Kotlin ba, ba ta san Python ba. Lambobi kawai take ji. A wayoyin zamani masu tsarin ARM na bit 64, wanda Tecno da Infinix da Samsung da iPhone duk suke amfani da shi, kowane umarni lamba ce mai tsawon bayit 4. Wani umarni ya ce a tara lambobi biyu, wani ya ce a ɗauko abu daga ma'adana, wani ya ce a tsallaka zuwa wani wuri.

Yaren asembili shi ne laƙaba wa waɗannan lambobi gajerun sunaye da mutum zai iya riƙewa. Maimakon dogon jerin sifili da ɗaya, sai a rubuta add x0, x1, x2, ma'ana a tara abin da ke x1 da na x2 a zuba a x0. Su waɗannan x ɗin rajistoci ne, wato ƙananan aljihunan cikin furosesa inda ake ajiye lamba na ɗan lokaci. Tsarin ARM na bit 64 yana da guda 31 na aikin yau da kullum, daga x0 zuwa x30. Manhajar da ke mayar da sunayen zuwa lambobi ita ake kira asembla.

Tarihin abin ya faro ne daga Ingila. Ana danganta ɗaya daga cikin yarukan asembili na farko da Kathleen Booth a shekarar 1947, sannan a 1949 David Wheeler ya rubuta wa kwamfutar EDSAC ta Jami'ar Kambirij 'yar manhajar da ke karanta umarnin da aka rubuta da haruffa. Ba a jima ba masu aikin suka gano matsalar da har yau take nan: yaren asembili maimaici ne. Jerin layuka iri ɗaya yakan dawo sau ɗari, abin da ya bambanta su bai wuce sunan rajista ko wata lamba ba. Mai kwafe layi goma sau ɗari da hannu kuwa, ko ba jima ko ba daɗe sai ya yi kuskure a ɗaya.

Yadda asembla ke sarrafa makuro

Duk mai wayar da ya taɓa saita gajeriyar hanya a allon rubutunsa, ya buga haruffa uku cikakkiyar sallama ta fito, ya riga ya san rabin labarin. Makuro gajeriyar hanya ce irin wannan, sai dai tana da gurabe. Ya yi kama da katin gayyatar biki da aka buga aka bar gurbin suna da na rana, kowane kati a cike nasa.

Ga misali da asembla ta GNU, a yaren ARM:

.macro tara_ninka wuri, a, b
    add \wuri, \a, \b
    lsl \wuri, \wuri, #1
.endm

An ƙirƙiri makuro mai suna tara_ninka mai gurabe uku. Layin farko yana tara lambobi biyu, na biyu yana ninka sakamakon. Daga nan duk inda aka rubuta tara_ninka x0, x1, x2, asembla za ta cire wannan layi ta dasa layuka biyu na ainihi a madadinsa, da x0 da x1 da x2 a guraben.

A bayan fage aikin kashi biyu ne. Da asembla ta ci karo da kalmar .macro, sai ta dakatar da fassara ta koma adanawa. Takan rubuta sunan makuron a wani tebur na sunaye, ta ajiye jikinsa layi bayan layi a wani tebur na daban, ta kuma lura da inda kowane gurbi yake, har sai ta iso .endm. A wannan mataki ko bayit ɗaya ba a samar ba. An dai haddace samfuri.

Kashi na biyu yana zuwa ne lokacin da ta ga layin da sunansa yake cikin teburin. Sai ta jera abubuwan da aka miƙo, ta haɗa kowanne da gurbinsa, ta kwafo jikin makuron tana cike guraben. Layukan da suka fito sai ta sake karanta su kamar mutum ne ya rubuta. Saboda wannan sake karantawar ne makuro yake iya kiran wani makuro, shi ma ya kira wani, asembla tana riƙe da lissafin inda ta tsaya a kowane mataki domin ta san inda za ta koma. Shi ya sa kuma a ƙa'ida ake gabatar da makuro kafin a kira shi, tunda sunan da bai shiga tebur ba asembla ba za ta gane shi ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne, da an gama, makuron ya ɓace. A cikin fayil ɗin da ya isa waya babu tara_ninka, babu alamarsa. Add ne da lsl kawai. Nan ya sha bamban da abin da masu manhaja suka saba da shi na rubuta aiki a wuri ɗaya a riƙa kiransa. Shi wancan kwafi ɗaya ne a ma'adana, furosesa ta yi tsalle ta je ta dawo duk lokacin da aka buƙace shi. Makuro kuwa sabon kwafi yake dasawa a duk inda aka ambace shi. Babu tsalle, babu ɓata lokacin zuwa da dawowa, amma fayil yana ƙara ƙiba.

Ikon zaɓar layin da za a haifa

Da a ce makuro kwafi da cike gurbi ne kawai, da bai wuce gajeriyar hanyar allon rubutu ba. Ƙarfinsa na gaske yana cikin umarnin da ke gaya wa asembla wane layi za ta samar, wane za ta tsallake, wane za ta maimaita.

.macro kwafa adadi
    .if \adadi == 16
    ldr q0, [x1]
    str q0, [x0]
    .else
    ldr d0, [x1]
    str d0, [x0]
    .endif
.endm

Idan aka rubuta kwafa 16, layuka biyu na sama ne za su fito, masu kwashe bayit 16 a tashi ɗaya. Idan aka rubuta kwafa 8, na ƙasa ne za su fito. Sauran biyun ba za su taɓa shiga cikin manhajar ba. Wannan shi ne wurin da masu koyo suka fi ruɗewa. Tambayar da .if ya yi ba waya ce ke amsa ta ba. An amsa ta tun a kan kwamfutar mai rubutun, a lokacin harhaɗawa, sau ɗaya. Wayar ba ta ma san an taɓa yin tambaya ba. A aikin da ake maimaitawa sau miliyoyi a daƙiƙa ɗaya, kamar lissafin ɗigogin hoton bidiyo, kowace tambayar da aka ɗauke wa furosesa ragin zafi ce da ragin cin batir.

Akwai kuma .rept mai maimaita layuka adadin da aka faɗa, da .irp mai maimaita su sau ɗaya ga kowane abu a cikin jeri, da .error mai tsayar da aikin gaba ɗaya ya fitar da saƙo idan aka miƙo wa makuro abin da bai dace ba.

Kamfanin IBM ne ya fi kowa zurfafa wannan fanni. Asemblar da ta zo da manyan kwamfutocin System/360, waɗanda aka ƙaddamar a 1964, tana da cikakken yaren sharaɗi, kuma magajiyarta HLASM da ta fito a 1992 har yau tana aiki a manyan kwamfutocin bankuna da kamfanonin inshora. A can makuro yana farawa da MACRO ya ƙare da MEND. AIF yana duba sharaɗi ya yi tsalle, AGO yana tsalle ba sharaɗi, SETA da SETB da SETC suna ajiye lamba ko amsar e ko a'a ko rubutu. Da tsalle da ma'ajiya, makuro zai iya zagaye, wanda ke nufin zai iya zagayen da ba ya ƙarewa. Don haka aka saka masa linzami mai suna ACTR, wanda ke ƙirga tsallen, idan ba a canza shi ba ya tsayar da makuron bayan 4096.

Ma'anar wannan duka ita ce a cikin asembla akwai wani ƙaramin yaren manhaja na biyu. Shi ba a waya yake gudana ba, a teburin mai rubutu yake gudana, kuma abin da yake haifarwa wata manhajar ce.

Inda yake aiki a cikin aljihu

A koma ga dav1d. Furosesar ARM tana da wani sashe mai suna NEON, mai rajistoci 32 masu faɗin bit 128, kowace tana iya ɗaukar lambobi 16 na bit 8 a yi musu aiki tare. Bidiyo kuwa ana warware shi ne murabba'i-murabba'i, wasu masu faɗin ɗigo 4, wasu 8, wasu 16, har zuwa sama. Lissafin iri ɗaya ne, girman ne ya bambanta. Maimakon rubuta kowane girma daban, sai a rubuta makuro ɗaya mai gurbin faɗi, a bar sharaɗi ya zaɓi layukan da suka dace da kowanne. Idan aka gano kuskure, wuri ɗaya za a gyara.

A ɓangaren kwamfutoci masu furosesar Intel da AMD, akwai wani shahararren fayil mai suna x86inc.asm da ya samo asali daga aikin x264, yanzu kuma FFmpeg da dav1d duk suna amfani da shi. Tarin makuro ne na asemblar NASM. Da shi mutum yake rubuta aiki sau ɗaya ya fito da siga daban-daban, wata ta tsofaffin furosesoci masu SSE2, wata ta sababbi masu AVX2, ya kuma daidaita bambancin da ke tsakanin yadda Windows da Linux suke miƙa bayanai ga aiki.

Misali na biyu ya fi kusa da tsaron waya. Android a kan kanel ɗin Linux yake zaune, wato zuciyar manhajar da ke tsakanin sauran manhajoji da ƙarfen waya. Duk lokacin da wata manhaja ta nemi wani abu daga kanel, ko wani sashen na'ura ya buƙaci kulawa, furosesa tana tsallakawa zuwa wani tebur mai ƙofofi 16, kowace ƙofa bayit 128, wato wurin umarni 32 kacal. A fayil ɗin entry.S na ARM, ƙofofin nan 16 makuro ɗaya ne mai suna kernel_ventry yake gina su, ana kiransa sau 16 da gurabe daban-daban. A cikinsa akwai sharaɗin da ke cewa idan kiran daga manhajar mai waya ya taso, a ƙara wasu layuka na kariya. A ƙarshensa kuma akwai layin da ke sa asembla ta ƙi aiki idan abin da aka samar ya wuce bayit 128.

Lokacin da aka bayyana raunin Meltdown da Spectre a watan Janairun 2018, wani ɓangare na maganin da masu Linux suka yi a cikin irin waɗannan makuro ya shiga. An taɓa samfuri, gyaran ya bazu zuwa duk inda ake kiransa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wuƙa mai kaifi biyu

Abin da ya sa gyara ɗaya yake bazuwa ko'ina shi ne kuma yake sa kuskure ɗaya ya bazu ko'ina. Illolin makuro sanannu ne, kuma kowace a cikinsu darasi ce.

Ta farko ƙiba. Makuro mai umarni 20 da aka kira sau 100 ya zama umarni 2,000, wato bayit 8,000. Da aiki ne mai kwafi ɗaya, bayit 80 ne da 'yan layukan kira. Ƙaramar ma'adanar umarni mafi sauri a furosesa irin Cortex-A55 ba ta wuce kilobayit 64, don haka makuron da aka yi don sauri yana iya jawo nawa idan ya cika wurin.

Ta biyu karon laƙabi. Idan a jikin makuro akwai wurin da aka sa wa suna domin a yi tsalle zuwa gare shi, kiran makuron sau biyu zai haifar da suna ɗaya a wuri biyu, asembla ta ƙi. Kowace asembla da maganinta: ta GNU tana da \@ mai ba da sabuwar lamba a kowane kira, NASM tana amfani da %% a gaban suna, ta IBM tana da &SYSNDX, MASM ta Microsoft kuma kalmar LOCAL.

Ta uku ta fi haɗari domin ba ta ihu. Makuro rubutu yake musanyawa, bai san ma'ana ba. A ce wani makuro yana aron rajistar x9 a cikinsa don ajiyar wucin gadi, sai mai kira, da bai leƙa ciki ba, ya miƙa masa x9 a matsayin ɗaya daga cikin lambobinsa. Asembla ba za ta ce uffan ba, kowane layi daidai yake a ƙa'ida. Sakamakon ne kawai zai fito a karkace. Masu yaren C sun san ɗan'uwan wannan: makuron da aka rubuta ya ninka abu ta hanyar liƙa masa *2, idan aka ba shi 3+1 zai fitar da 3+1*2, amsa ta zama 5 maimakon 8.

Maganin duka ukun ɗaya ne: a duba abin da ya fito. Asembla tana iya buga takardar da ke nuna kowane layin da makuro ya haifa. A ta IBM ana sa wa irin waɗannan layuka alamar tarawa a gefe domin a bambanta su da na hannu, kuma akwai umarni biyu, PRINT GEN mai nuna su da PRINT NOGEN mai ɓoye su don takarda ta yi gajarta. Ɓoyewar tana da daɗi, shafi ya yi tsaf. Amma ranar da abu ya lalace, ba abin da mutum ya rubuta na'ura take bi ba, abin da aka samar take bi. Gani ya kori ji.

Abin da rashin dubawa ya kusa jawowa

A ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar da cewa ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane tsarin Linux. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shiga wata kwamfuta ta hanyar SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, kuma furosesa tana aikin da bai kamata ba. Ruwa ba ya tsami banza, sai ya bi diddigi.

Ƙofar tana cikin siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Maƙunnin da ke tayar da ita an ɓoye shi ne a wani fayil mai suna build-to-host.m4. Shi m4 ba asembla ba ne, amma ɗan gida ɗaya ne: manhajar faɗaɗa makuro ce da Brian Kernighan da Dennis Ritchie suka rubuta a 1977, ana amfani da ita wajen samar da rubutun da ke shirya harhaɗa manhaja. Gurɓataccen fayil ɗin bai bayyana a rumbun kod da jama'a ke dubawa ba, a ƙunshin da ake rarrabawa aka saka shi. Idan aka zo harhaɗawa, sai ya haifar da umarnin da ke zaƙulo mugun kod daga cikin wasu fayilolin gwaji ya cusa shi a manhajar.

Wanda ya shirya wannan ya san halin mutane. Ya san ana karanta kod ɗin da mutum ya rubuta, amma da wuya a samu mai buɗe wanda aka samar. An yi sa'a an gano abin kafin ya shiga manyan sigogin Linux da kamfanoni ke dogaro da su.

Hujjar masu cewa ɓata lokaci ne

Akwai masu ganin duk wannan tarihi ne. Suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Kasuwar aiki Flutter take nema da JavaScript da Python, da wuya matashi ya ga tallar aikin asembili. Kompaila ta zamani, wato manhajar da ke fassara manyan yaruka zuwa na na'ura, ta fi yawancin mutane iya tsara umarni, in ban da a 'yan wurare irin bidiyo da ɓoye sirri. Wasan RollerCoaster Tycoon na 1999, wanda Chris Sawyer ya rubuta kusan dukkansa da asembili, yanzu labarin ban mamaki ne, ba wanda zai ba da shawarar a maimaita. Kuma gaskiya ne makuro mai hawa uku ko huɗu yana da wahalar karantawa, saƙon kuskurensa ma yakan nuna layin da ba shi ne tushen matsalar ba.

Duk an yarda. Sai dai waɗannan hujjoji suna amsa tambayar ko a riƙa rubuta manhajar waya da asembili ne, alhali ba ita ake yi ba. Kod mai rubuta kod bai tsaya a asembili ba, ya bi kowa har gida. Mai C yana da #define. Mai Rust yana kiran makuro tun daga layinsa na farko, domin println! makuro ne. Mai Flutter yana kunna build_runner ya ga fayiloli masu ƙarewa da .g.dart sun bayyana, ya wuce bai buɗe ba. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ake ba wa jimla ɗaya ta dawo da layi ɗari biyu.

A cikin waɗannan duka, makuron asembili ne mafi sauƙin ganewa har ƙasa. Dokarsa a fili take, abin da aka ba shi yau shi zai fitar gobe, kuma ana iya bin kowane layi da yatsa daga samfuri zuwa lamba. Ƙirƙirarriyar basira ba ta da wannan tabbas, tambaya ɗaya tana iya samun amsa biyu. Wanda bai saba duba aikin injin da ba ya canza magana ba, yaya zai yi da wanda ke canzawa? Kuma ranar da manhajar ta zubar da bayanan masu amfani da ita, ba injin za a tuhuma ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ko a azuzuwan da ake koyar da wannan fanni, sau da yawa abin yakan tsaya ne a haddar sunayen tebura don jarrabawa. Ɗalibi ya zana teburin sunaye da na jiki a takarda, ya ci maki, bai taɓa ganin makuro ya faɗaɗa a gabansa ba. Wannan asara ce, domin gwajin ba ya buƙatar ɗakin kwamfuta.

Gwajin da waya kaɗai ta isa

Wayar Android mai bit 64 ita kanta kwamfutar ARM ce. Da manhajar Termux, wadda ake samu kyauta a F-Droid, ana iya saka clang, a rubuta makuron kwafa na sama a fayil mai ƙarewa da .S, a kira shi sau biyu, da 16 da kuma 8. Sai a harhaɗa da clang -c, a buɗe sakamakon da objdump -d. Umarni huɗu za a gani, bayit 16, babu .if, babu sunan makuro. Daga nan a gwada saka laƙabi a jikinsa a ga yadda asembla za ta ƙi, a gyara da \@. A gwada miƙa masa rajistar da yake aro a ga yadda za ta yi shiru. Darasin na ukun nan shi ne wanda ba a mantawa.

Mai son ƙari zai iya buɗe shafin Compiler Explorer na Matt Godbolt a burauza, ya rubuta 'yan layukan C ya ga asembilin da suke zama. Masu FFmpeg ma sun wallafa darussan asembili kyauta a GitHub, kuma kod ɗin dav1d da na Linux a buɗe suke ga kowa.

Bayan mako biyu, yawancin waɗanda suka gwada za su koma Flutter da Python ɗinsu, kuma hakan daidai ne. Abin da za su koma da shi shi ne hannun da ke ƙaiƙayin buɗe fayil ɗin .g.dart, da idon da ba ya wuce layi ɗari biyun da aka samar masa sai ya san abin da kowanne yake yi.